A Dama da Kowa, Kada Kuma Ma'auni Ya Sauka: Darasi Daga Sashen Nazarin Halayyar Ɗan Adam na Jami'ar Howard

A watan Janairun 1954, wani malamin jami'a mai suna Francis Cecil Sumner yana cikin kwashe dusar ƙanƙara a ƙofar gidansa da ke birnin Washington, sai ciwon zuciya ya kama shi, rai ya yi halinsa. Yana da shekara 58 a duniya, ya kuma shafe kimanin shekara 25 yana jagorantar sashen nazarin halayyar ɗan Adam na Jami'ar Howard, wadda aka kafa a 1867 domin ilimantar da baƙaƙen fatar Amurka. Wata huɗu bayan rasuwarsa, ranar 17 ga Mayu, Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke hukuncin da ya haramta raba makarantun gwamnati tsakanin 'ya'yan fararen fata da na baƙaƙe. A jerin binciken masana da alƙalan suka kafa hujja da shi, sunan da ya zo farko na ɗalibin Sumner ne, wato Kenneth Clark. Allah bai nufi malamin ya ga wannan rana ba.

Na kawo labarin ne saboda wata muhawara da har gobe ba ta mutu ba a jami'o'i. Duk inda aka ce a faɗaɗa ƙofa, a dama da mata da 'ya'yan talakawa da masu naƙasa da al'ummomin da aka daɗe da bari a baya, sai ka ji wani ya ce, to ingancin karatu fa? A ganin masu wannan tambaya, jami'a rariya ce, idan aka faɗaɗa idanunta tsaki zai bi gari. Bai kamata a raina damuwarsu ba. Digirin da ba shi da nauyi yana cutar mai shi, yana cutar jama'a, balle a fannin nazarin halayyar ɗan Adam da wanda aka yaye yau shi ne gobe zai zauna da mai taɓin hankali, da yaron da karatu ya gagara, da matar da ta tsira daga yaƙi barci ya ƙaurace mata.

Babu sashen da ya fi wannan dacewa a auna tambayar a cikinsa. Masana halayyar ɗan Adam ne suka ƙirƙiro gwaje-gwajen auna basira da aka daɗe ana rufe wa mutane ƙofa da su, su ne kuma daga baya suka yi bincike mai zurfi kan abin da ke sa ɗalibi ya yi ƙwazo ko ya sare. Tarihin fannin ya ƙunshi cutar da maganinta.

Mu fara da zamanin da ƙofar take garƙame. A 1879 Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaje-gwajensa a birnin Leipzig na Jamus, a 1892 kuma aka kafa ƙungiyar masana fannin ta Amurka. A wannan tsakani wata mata mai suna Mary Whiton Calkins ta nemi karatu a Jami'ar Harvard. A lokacin jami'ar ba ta ɗaukar mata, saboda haka aka bar ta tana zama a aji a matsayin baƙuwa, ba tare da an sa sunanta a rajistar ɗalibai ba. Ta yi karatu a hannun William James da Hugo Münsterberg, ta cika duk sharuɗɗan digirin digirgir, malamanta suka jarraba ta a 1895 suka tabbatar ta ci, suka nemi hukumar jami'a ta ba ta digirinta. Hukumar ta ƙi. A 1902 aka yi mata tayin digirin kwalejin mata ta Radcliffe, ta ce ba ta karɓa, domin ba nan ta yi karatun ba. A 1905 abokan aikinta suka zaɓe ta shugabar ƙungiyarsu ta ƙasa, mace ta farko da ta hau kujerar. Ta rasu a 1930 ba tare da takardar Harvard ba. Babu wani inganci da aka kare da wannan hani, haƙƙin mai ƙwazo kawai aka danne.

Ɓarnar ba ta tsaya kan waɗanda aka hana shiga ba, ta taɓa ilimin kansa. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, masana ƙarƙashin jagorancin Robert Yerkes sun yi wa sojojin Amurka kimanin miliyan 1.75 gwajin basira. Tambayoyi da yawa a ciki sanin Turanci da rayuwar birni da yawan shekarun makaranta suke aunawa. A 1923 Carl Brigham na Jami'ar Princeton ya ɗauki sakamakon ya rubuta littafin da ya jera jinsunan mutane hawa-hawa, Turawan arewacin Turai a sama, baƙar fata a can ƙasa. Alhali a cikin alƙaluman akwai abin da ke ƙaryata shi, domin baƙaƙen sojoji daga wasu jihohin arewa, inda makarantu suka fi inganci, sun fi fararen sojoji daga wasu jihohin kudu maki. Matasan masana baƙaƙen fata irin su Horace Mann Bond suna cikin waɗanda suka fito tun 1924 suka nuna cewa makin yana bin ingancin makarantar da mutum ya yi. A 1930 Brigham da kansa ya janye maganarsa a rubuce. Zauren da kowa a cikinsa iri ɗaya ne yakan daɗe a kan kuskure, saboda babu wanda abin ya shafa da zai ɗaga hannu ya ce a sake dubawa.

Sumner yana cikin baƙaƙen sojojin wannan yaƙi. An haife shi a 1895 a garin Pine Bluff na jihar Arkansas. Bai yi makarantar sakandare ba, iyayensa ne suka ɗora shi kan karatu a gida. Yana ɗan shekara 15 ya ci jarrabawar shiga Jami'ar Lincoln da ke Pennsylvania, ya gama a 1915 a sahun gaba na ajinsu. Daga nan G. Stanley Hall, shugaban Jami'ar Clark kuma shugaban farko na ƙungiyar masana fannin, ya karɓe shi. Yaƙi ya katse masa karatu, aka tura shi Faransa a 1918, ya dawo ya kammala a 1920 da kundi kan ra'ayoyin Freud da Adler. Shi ne baƙar fata na farko a Amurka da ya sami digirin digirgir a fannin. Digirin bai buɗe masa ƙofar manyan jami'o'in fararen fata ba, sai ya yi ta koyarwa a kwalejojin baƙaƙe a Ohio da West Virginia, har zuwa 1928 da ya koma Howard a zamanin shugabancin Mordecai Johnson.

Adalci ne a faɗi cewa Sumner yana da nasa tabon. A shekarun 1920 ya yi rubuce-rubucen da suka goyi bayan a ba baƙar fata ilimi na daban mai karkata ga sana'a da gyaran tarbiyya, kuma masana tarihi suna saɓani kan ko ra'ayinsa ne na zuci ko dabarar zaman lafiya da masu riƙe da kuɗi. Ko ma mene ne, abin da ya gina a Howard ya sha bamban da waɗancan rubuce-rubuce. Ya tsaya sai da sashen ya zama mai cin gashin kansa, ana koyar da gwaje-gwaje da ƙididdiga da tarihin fanni kamar yadda ake yi a kowace babbar jami'a. Malamai ƙalilan ne, cikinsu har da Max Meenes, wanda farar fata ne, da Frederick Watts. Sumner yana karanta Jamusanci da Faransanci da Sifaniyanci, ya taƙaita dubban maƙalun ƙasashen waje ga mujallun fannin, don haka ɗalibansa suna jin abin da ake rubutawa a Turai daga bakin wanda ya karanta da idonsa. An san shi da tsanani a aji. Kenneth Clark da niyyar karatun likita ya shiga Howard, darasin Sumner ne ya juya masa akala.

Abu biyu suka haɗu a wannan sashe, kuma haɗuwarsu ita ce zuciyar maganata. Ɗalibin da ya shigo ba sai ya ɓata ƙarfinsa wajen gamsar da wani cewa shi ma yana da ƙwaƙwalwa ba, an riga an yarda da wannan tun daga bakin ƙofa. Sannan ba a rage masa komai daga nauyin karatu ba. An karɓe shi hannu bibbiyu, an kuma ɗora masa kaya daidai da na kowa.

Mamie Phipps, 'yar garin Hot Springs na Arkansas, ta shiga Howard a 1934 don karanta lissafi, daga baya ta koma sashen Sumner, inda ta yi digiri na farko a 1938 da na biyu a 1939. Ita ce ta zama matar Kenneth Clark. Kundin digirinta na biyu ya tambayi abin da manyan masanan zamanin ba su damu da shi ba: yaushe ne yaro baƙar fata yake fara gane launinsa, kuma me yake ji game da shi? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ta taso a kudancin Amurka inda makaranta da wurin zama a mota da famfon shan ruwa duk a rabe suke, don haka tambayar a jikinta take.

Daga wannan kundi aka sami gwajin 'yar tsana da ita da mijinta suka shahara da shi. Za a zaunar da yaro, a ajiye masa 'yan tsana huɗu masu kama ɗaya, biyu masu launin ruwan ƙasa da baƙin gashi, biyu farare masu rawayan gashi. Sai a ce ya miƙo wadda yake so ya yi wasa da ita, ya miƙo mai kyau, ya miƙo mummuna, a ƙarshe kuma ya miƙo wadda ta yi kama da shi. Yara 253 baƙaƙen fata, 'yan shekara uku zuwa bakwai, aka yi wa gwajin a Arkansas da Massachusetts, aka buga sakamakon a 1947. Kusan kashi biyu cikin uku sun zaɓi farar don wasa, fiye da rabi kuma sun nuna mai launin jikinsu a matsayin mummuna. Wurin da ya fi sosa rai shi ne tambayar ƙarshe. Yaron da ya gama cewa wannan ce mummuna, yanzu an ce ya nuna mai kama da shi. Wasu suka yi turus, wasu suka fashe da kuka suka fice daga ɗakin.

Ma'auratan sun wuce Jami'ar Columbia, Kenneth ya gama digirin digirgir a 1940, Mamie a 1943, su ne baƙaƙen fata na farko da suka yi haka a sashen. Wanda ya duba kundin Mamie shi ne Henry Garrett, mutumin da ya yi imani da wariyar launin fata. A 1952, a shari'ar makarantun gundumar Prince Edward ta jihar Virginia, ɗaya daga cikin ƙararraki biyar da aka haɗa aka kai Kotun Ƙoli, malami da ɗalibarsa suka ba da shaida a ɓangarori biyu masu adawa da juna. Ɓangarenta ne ya yi nasara a 1954, da amincewar alƙalai tara gaba ɗaya. Gwajin 'yar tsana ya sha suka daga baya, kuma sukar tana da tushe, domin yaran arewa da ke makarantun haɗaka sun ɗan fi na kudu zaɓar farar 'yar tsana, abin da ya sa da wuya a ce raba makarantu kaɗai ne sanadi. Haka ilimi yake tafiya, wani ya kawo, wani ya gyara. Abin lura shi ne da babu sashe irin na Howard da tambayar ma ba ta iso teburin masana ba a wancan lokaci.

Wannan sakamako na yaran arewa yana kai mu ga wata mata da ba a cika ambatonta ba, Inez Beverly Prosser, wadda ta gama digirin digirgir a Jami'ar Cincinnati a 1933, ta rasu sanadiyyar haɗarin mota a shekarar da ta biyo baya. Ta kwatanta yara baƙaƙen fata da ke makarantun haɗaka da waɗanda ke makarantun baƙaƙe zalla, ta samu cewa na makarantun haɗaka sun fi jin kaɗaici da ƙasƙanci, sun fi rashin sakewa da malamansu. Abin da aikinta ya tona shi ne, shigar da mutum cikin ɗaki daban, karɓarsa daban. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Mamie Clark ma ta ɗanɗana wannan, domin da digirinta na Columbia a hannu ta rasa aikin da ya dace da iliminta, har sai da ita da mijinta suka buɗe cibiyar Northside a unguwar Harlem ta New York a 1946 don kula da yaran talakawa, ta jagorance ta fiye da shekara 30.

Binciken zamaninmu ya ƙara fito da maganar fili. A 2011 Gregory Walton da Geoffrey Cohen na Jami'ar Stanford suka buga sakamakon wani gwaji a mujallar Science. Sun ɗauki ɗalibai 92 'yan shekarar farko a wata jami'a mai wuyar shiga, suka ba wasu daga cikinsu bayanan ɗaliban da suka gabace su, waɗanda ke nuna cewa kusan kowa, fari da baƙi, ya ji kamar bai dace da wurin ba a farkon zuwansa, kuma abin yana wucewa. Sai aka ce su rubuta nasu labarin don amfanin masu zuwa a baya. Zaman bai wuce na kimanin awa ɗaya ba. Bayan shekara uku, tazarar maki tsakanin baƙaƙen ɗaliban da suka yi zaman da fararen ɗalibai ta ragu da kusan rabi. Ba a sauƙaƙa jarrabawa ko ɗaya ba. Abin da ya sauya shi ne yadda ɗalibi yake fassara wahala. Wanda a da idan ya faɗi gwaji ko malami ya ɗaure masa fuska zai ce irina ba su da wuri a nan, yanzu sai ya ce kowa haka ya fara, ya je ofishin malami ya yi tambaya.

Kada a ɗauki wannan tamkar laya. A 2023 Walton da abokan aikinsa sun maimaita gwajin da ɗalibai sama da 26,000 a manyan makarantu 22, suka samu cewa yana amfani ne kawai a wuraren da ɗalibin yake da damar samun karɓuwa ta gaskiya. Inda malamai da tsarin makaranta suka juya masa baya, kalaman ƙarfafa gwiwa ba su tsinana komai ba.

Akwai kuma batun gyaran aikin ɗalibi, wanda Cohen da Claude Steele da Lee Ross suka bincika a 1999. Malamin da ke tsoron a ce yana nuna bambanci yakan lulluɓe gyara da yabo, ko ya ƙyale kuskure ya wuce, ɗalibi ya fita bai ƙaru ba. Wani malamin kuma yakan cika takarda da jan biro ba tare da kalma ɗaya ta bayani ba, ɗalibin da dama yake ɗar-ɗar ya ɗauka ƙiyayya ce. Masu binciken sun samu cewa baƙaƙen ɗalibai sun fi karɓar gyara mai tsanani da himmar sake aikin idan malami ya haɗa shi da abu biyu: ya faɗa musu cewa ma'auninsa mai tsawo ne, ya kuma tabbatar musu ya ga alamar za su iya kai wa gare shi. Wannan shi ne abin da Sumner ya yi ta yi a ajinsa shekaru da dama kafin a auna shi da alƙaluma.

Sauran ɓangare ɗaya, wanda ya shafe mu kai tsaye. Damawa da kowa ya haɗa har da waɗanda ake yin binciken a kansu. A 2008 Jeffrey Arnett ya duba manyan mujallun fannin guda shida, ya samu cewa kashi 68 cikin ɗari na mutanen da aka yi bincike a kansu Amurkawa ne, kashi 96 daga ƙasashen Yamma masu arzikin masana'antu, Afirka kuwa ba ta kai kashi ɗaya ba. Joseph Henrich da abokansa suka ƙara a 2010 cewa waɗannan ƙasashe kashi 12 ne kacal na al'ummar duniya. Da irin wannan sakamako aka rubuta yawancin littattafan da ɗalibanmu ke karantawa a Najeriya da Nijar da Ghana. Ɗauki kunya a misali. Yarinyar da ta sunkuyar da kai a gaban babba, ta ƙi haɗa ido da shi, ta amsa da murya ƙasa-ƙasa, a wurinmu tarbiyya ta nuna. Ma'aunin da aka gina a wata al'ada zai iya rubuta ta a matsayin mai fargaba ko marar yarda da kai. Wanda zai gane inda ma'aunin ya kauce, ya kuma iya rarrabe kunyar tarbiyya da tsoron da ke buƙatar magani, shi ne ɗan cikin gida da ya sami horo mai nagarta. Idan ba a shigo da shi sashen ba, ko an shigo da shi an yaye shi da rabin ilimi, kuskuren zai zauna daram.

Fannin ya yi tafiya mai nisa. Kenneth Clark ya zama baƙar fata na farko da ya shugabanci ƙungiyar masana fannin ta Amurka a farkon shekarun 1970, a watan Oktoban 2021 kuma ƙungiyar ta fito fili ta nemi afuwa kan rawar da ta taka wajen ƙarfafa wariyar launin fata. Neman afuwa abu ne mai kyau, sai dai a cikin aji da ofishin malami ake gane gaskiyarsa.

Saboda haka kirana ga shugabannin sassa da malamai, a duk inda suke, shi ne su daina kallon lamarin a matsayin zaɓi tsakanin tausayi da inganci. Ku duba alƙalumanku na kowace shekara: su wa ke shigowa, su wa ke ficewa kafin su gama, su wa ke fita da sakamako mai daraja, su wa ake ƙarfafa wa gwiwa su zarce digiri na biyu. Ku tambayi ɗaliba mai goyo, da makahon da ke jiran wanda zai karanta masa takarda, da ɗan ƙauyen da Turanci ke yi wa nauyi, abin da ke tare musu hanya, ku kawar da shi. Bayan haka ku ɗora musu cikakken nauyin karatu, ku gyara aikinsu ba sani ba sabo, ku faɗa musu da bakinku cewa kun san za su iya. Sumner da 'yan malamai ƙalilan da kuɗi kaɗan ya yi haka, ɗalibansa suka taimaka wajen sauya dokar ƙasarsu. Sashen da ya rufe ƙofa ya yi asarar masu basira, wanda ya buɗe ƙofa ya sauke ma'auni ya ci amanar waɗanda ya shigo da su, wanda ya haɗa karɓa da tsanani shi ne ya sauke nauyin da ke kansa.